Tambaya da Amsa: Waya ko Na'urar GPS, Me Mafarauci Zai Riƙa Ya Fito Daga Daji?

An gama kaka, dawa ta shiga rumbu, ciyawa ta bushe, ƙahon mafarauta ya fara tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Saƙonnin da suka taru mana a wannan karon kusan duk magana ɗaya suke yi: me mutum zai riƙa da zai mayar da shi inda ya ajiye babur idan ya yi makuwa. Mun taƙaita tambayoyin, ga amsoshin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana sun matsa mini in riƙa shiga daji da waya, wai tana nuna hanya. To inda muke farauta, da ka bar titi da tafiyar rabin awa sabis ya ɗauke. Wayar da ba ta iya kira, ina za ta san inda nake? Daga wani dattijon mafarauci a Soba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Yaran sun faɗi gaskiya, amma rabinta suka faɗa maka. Sanin wurin da kake tsaye ba ruwansa da ƙarfen sabis. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna zagaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, kowanne yana watso saƙonsa ba dare ba rana. Wayar sauraro kawai take yi. Idan ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu sai ta lissafa inda take, ko da babu kati, babu data, babu ma layi a cikinta. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha, wasu har da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, shi ya sa suke kama wuri da sauri fiye da na da.

Rabin da ba su faɗa maka ba shi ne taswira. Ita ce ake saukowa da ita daga intanet. Wanda ya shiga daji bai ajiye ta a wayarsa ba zai ga ɗigon shuɗi zaune a kan farin fili: wayar ta san inda yake, amma ba ta da abin da za ta nuna masa.

Sannan a cikin gari sabis ne ke taimaka wa wayar da jadawalin taurarin, sai ta kama wuri nan take. A daji da kanta za ta saurara, kuma hakan kan ɗauki daga rabin minti zuwa mintuna da dama. Kada ka ce ta lalace. Fita fili, ba gindin tsamiya ba, ka riƙe ta a tafin hannu ka tsaya cik. Hazon hunturu da gajimare ba sa hana ta aiki. Abin da ke rikita ta shi ne rufin kwano, da kurmi mai duhu, da jikin dutse. A fili kuskurenta bai cika wuce mita 5 ba, amma idan ka raɓu da dutse mai tsayi irin na Kufena, saƙon yana dukan dutsen ya dawo, sai ka ga ɗigon yana tsalle mita ashirin ko talatin kana tsaye wuri ɗaya.

Tambaya: Wace manhaja ce ta fi? Na ga 'yan farautar Amurka a YouTube suna yabon onX Hunt. Ko Google Maps ɗin da ke wayata ta isa? Daga wani matashi a Tudun Wada.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka kashe kuɗinka a kan onX Hunt. Abin da ake saye a cikinta shi ne iyakokin filayen mutane da na gwamnati a can Amurka, da yankunan da dokarsu ta ware wa farauta. A dajin Kubau ko na Ikara ba ta da abin ba ka.

Google Maps kuwa ta titi ce. Tana ba da damar ajiye yanki a waya, kuma hakan yana da amfani har zuwa ƙauyen ƙarshe. Amma abin da ta ajiye ba ya haɗawa da hoton sama, ba ta ba da hanyar mai tafiya a ƙasa idan babu intanet, kuma ba a gina ta don ta zana maka sawunka ka biyo shi baya ba. Wannan na ƙarshen shi ne babban abin da mafarauci ke nema. Duk manhajar da za ka dogara da ita, ka tabbata tana ajiye taswira, tana rubuta sawu ko fuskar waya a kashe take, tana barinka ka dasa alama ka ba ta suna, kuma tana fitar da sawun a fayil irin na GPX da za ka tura wa abokin tafiya.

Ga mai farawa, mun fi son Organic Maps. Kyauta ce, babu talla, ba ta da nauyi, kuma da ka matso da taswirar kan Zariya za ta tambaye ka ko ta sauke yankin. OsmAnd ta fi ta kayan aiki, ta kuma fi ta ɗaure kai. Ta kyautar tana ba da damar sauke taswira bakwai, layukan da ke nuna tudu da kwari kuma sai an biya. Dukansu biyun daga OpenStreetMap suke ɗibar bayani, taswirar da masu sa kai ke zanawa. Ma'anar haka ita ce cikin Samaru da Sabon Gari za ka ga lungu-lungu, amma da ka nausa daji sai ka tarar da manyan rafuka kawai da 'yan ƙauyuka. Burtali da turbar masu itace ba lallai ka same su ba.

Wannan gibin hoton sama ne ke cike shi, kuma ya kamata mafarauci ya koyi karanta shi tun yana gida. Zaren kore mai duhu da ke lanƙwasa kurmi ne a bakin rafi. Siririn farin layi turba ce ko burtali. Toka-toka mai santsi falalen dutse ne ko tsauni. Murabba'i-murabba'i gonaki ne, wato akwai mutane kusa. Manhajoji irin su AlpineQuest da Locus Map suna barin mutum ya ajiye yankin da ya zaɓa, Gaia GPS ma haka amma da kuɗin shekara. Ka sani dai hoton na iya zama na shekarun baya, ko an ɗauke shi da damina: tafkin da ka gani cike, a watan Fabrairu busasshiyar laka ce. Kada ka tsara ruwan shanka a kansa. Ɗaukar hoton fuskar waya ma dabara ce, sai dai hoton ba zai nuna maka ɗigonka a kai ba.

Kowace ka zaɓa, gwada ta kafin ranar fita. Sa wayar a yanayin jirgin sama, dasa alama a ƙofar gida, kunna rubuta sawu, ka sa ta a aljihu ka yi tafiyar minti talatin da kwana-kwana. Sannan ka biyo sawun ya dawo da kai.

Tambaya: Na yi gwajin da Tecno ɗina. Da na duba sai na ga sawun ya miƙe sambal daga inda na tashi zuwa inda na tsaya, alhali zagaye na yi. Kuma kibiyar tana nuna inda ta ga dama. Daga wani mai karatu a Kwangila.

Amsa: Malam, matsala biyu ce, kuma ba manhajar ce ke da laifi ba.

Miƙaƙƙen layin yana nufin wayar ta kashe manhajar da fuskarta ta mutu. Tecno da Infinix da itel suna da zafin hannu wajen rufe duk abin da ke aiki a ɓoye don batir ya daɗe. Manhajar ta rubuta wurin farko, aka rufe ta, ka ciro wayar ta farka ta rubuta na ƙarshe, sai ta haɗa su da layi. A daji wannan layin zai iya ratsa kwazazzabon da ka sha wahalar kewayewa. Gyaransa: shiga saitin wayar wajen manhajoji, ka nemo sunanta. A izinin wuri ka ba ta mafi faɗin damar da aka bayar, ka kunna maɓallin ainihin wuri, domin idan a kashe yake ƙiyasi kawai za a riƙa ba ta. A ɓangaren batir ka cire mata takunkumi. Idan akwai Phone Master a wayar, shiga ka ƙyale ta ta riƙa tashi da kanta. A ƙarshe buɗe jerin manhajojin da ke buɗe ka sa mata alamar kwaɗo, don kada sharewa ta tafi da ita. Kada kuma ka kunna babban tsarin tsimin batir kana cikin rubuta sawu. Idan manhajar ta tambayi tazarar rubutu, daƙiƙa 10 ta isa: mai tafiyar kilomita 4 a awa mita 11 yake ci a wannan lokacin.

Kibiyar kuma, akwai yiwuwar wayarka ba ta da kamfas a ciki. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba a sa musu na'urar jin maganaɗisun ƙasa ba. Gane hakan ba wuya: buɗe manhajar alƙibla. Idan ta ce wayar ba ta da abin da ake buƙata, ko allurar ta ƙi motsi kana juyawa, to babu. Irin wannan wayar ba ta san inda ka fuskanta ba sai kana tafiya, domin daga motsinka take ganewa. Yi taku ashirin a miƙe, sannan ka duba.

Idan akwai kamfas ɗin amma yana ƙarya, kaɗa wayar a iska kamar kana rubuta lamba 8 sau uku ko huɗu. Sannan ka dubi abin da ke jikinka. Bakin bindiga, adda, wuƙa a ƙugu, tankin babur, har rigar waya mai murfin mayen ƙarfe, duk suna jan allura. Jingine bindigar, ka ja da baya taku uku kafin ka karanta.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta yi karo-karo, muna so mu sayi na'urar Garmin ɗaya. Mukan yi kwana uku ko huɗu a daji. Wace iri ce ta dace, kuma ta fi waya da gaske? Daga wani Sarkin Baka a yankin Makarfi.

Amsa: Ranka ya daɗe, ga masu kwana a daji ta cancanci kuɗinta, amma a san abin da ake saye. Ba taswira mafi kyau za ku samu ba. Ta wannan fannin waya ta fi ta nesa ba kusa ba. Abin da take da shi shi ne juriya. Tana cin batirin AA biyu da za a canza a tsakiyar daji, tana da maɓallai da ke aiki ko hannu da gumi da ƙura, ana ganin fuskarta a tsakar rana, kuma an yi ta ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30.

A cikin na'urorin GPS na kamfanin Garmin, eTrex 10 ita ce ta ƙasa: fuska baƙi da fari, kusan awa 25 a batir biyu, taswirar cikinta kusan fanko. Duk da haka tana dasa alama, tana rubuta sawu, tana da TracBack, wato ta juya sawun ta kai ku baya har inda kuka faro. Aikin ke nan. eTrex 22x ta ƙara launi da gurbin memori. 32x ta ƙara kamfas na cikin gida da ma'aunin tsayi, don haka kibiyarta tana nuna daidai ko a tsaye ake. eTrex SE, wadda ta fito a 2023, kamfanin ya ce tana kai awa 168 a batir biyu, tana da kamfas, amma ba a loda mata cikakkiyar taswira. Jerin GPSMAP 64 da 65 masu eriya a ka sun fi kama saƙo a kurmi, sun fi tsada, batirinsu kuma wajen awa 16 ne. Da mu ne, ga tafiyar kwana huɗu, SE ko 32x za mu ɗauka, a haɗa da wayar mutum ɗaya mai hoton sama.

Idan ta hannu za ku saya, a fita da ita waje a gaban mai sayarwa. A buɗe shafin taurari a ga sanduna suna tashi har ta kama wuri cikin 'yan mintuna. A buɗe gidan batir a duba: farin gari ko kore a jikin ƙarafunan alama ce batir ya taɓa fashewa a ciki. A duba robar da ke zagaye da murfin, idan ta tsage maganar jure ruwa ta ƙare. A danna kowane maɓalli, musamman ɗan maɓallin nan mai kama da sanda da ke gaban eTrex, shi ke fara gajiya. A kuma tambayi taswirar wace nahiya ce a ciki, domin wadda aka kawo daga Amurka da tasu take zuwa. Masu gurbin memori ana iya sa musu taswirar Najeriya ta OpenStreetMap a cikin jakar da aka sa wa suna Garmin.

Batiri kuma kada a yi tsumulmula. Mai arhar nan na rediyo da tocila ba ya ɗaukar nauyinta, zai mutu da wuri, ya kuma yi yoyo. A sayi alkalin, ko masu caji na NiMH, a shiga saiti a gaya wa na'urar irin wanda aka sa, in ba haka ba ma'aunin zai yi ƙarya. A cire su idan an dawo gida. Kuma kada sirrin sarrafa ta ya tsaya wurin yaro ɗaya. Aƙalla mutum uku su iya dasa alama da kunna TracBack.

Tambaya: Abokina ya karanto mini wurin da suka yi sansani daga Garmin: N 11° 12.500', E 7° 50.250'. Na buga 11.125, 7.5025 a Google Maps, sai ta nuna mini wani wuri can yamma da gari, su kuwa suna gabas. Wa ya yi kuskure? Daga wani ɗalibi a Samaru.

Amsa: Kai ne, ɗan'uwa, amma kuskuren da kowa ke yi ne. Garmin takan zo a kan tsarin digiri da minti, kuma minti 60 ne ke yin digiri ɗaya, ba 100 ba. Kai kuma ka mayar da mintunan kamar ɗigon lissafi. Yadda ake yi: raba 12.5 da 60, ka samu 0.20833, wato 11.20833. Raba 50.25 da 60, ka samu 0.8375, wato 7.83750. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, daga yamma zuwa gabas kuma a daidai Zariya kusan 109. Da abin da ka buga, ka sauka wajen kilomita 9 kudu da kilomita 36 yamma da sansanin. Ba sai ka yi lissafin ba ma: da ka rubuta 11 12.500, 7 50.250 da tazara tsakanin digiri da minti, Google Maps za ta gane.

Mafi sauƙi, ƙungiya ta tsayar da tsari ɗaya tun a gida, kowa ya saita na'urarsa a kai. Digiri da ɗigo ya fi daɗin turawa a saƙon tes. Lamba biyar bayan ɗigo tana kai ka kusan mita 1, huɗu mita 11, uku mita 111, biyu kuwa fiye da kilomita. Kada a yanke ƙasa da huɗu. Ta arewa ake fara faɗa, sannan ta gabas. A ƙasar Zazzau ta farko tana wajen 10 ko 11, ta biyu wajen 7 ko 8. Wanda ya juya su ya buga 7.8 kafin 11.2 zai tsinci ɗigonsa a Jihar Taraba.

Saura abu ɗaya ga masu tsohuwar taswirar takarda ta safiyo. Waɗannan a kan ma'aunin Minna aka zana su, waya da GPS kuwa WGS 84 suke bi. Lamba ɗaya a kan ma'aunan biyu tana bambanta da kusan mita 80 a ƙasa a wannan yankin. Ga neman tsauni ba komai ba ne. Ga neman rijiya cikin dogayen ciyayi, ya isa ka wuce ta.

Tambaya: Fawa bankina an rubuta 10,000, wayata 5,000, amma ko cika biyu ba ya yi. An cuce ni ne? Daga wani mai karatu a Shika.

Amsa: Ba lallai ba, Malam. An ƙirga 10,000 ɗin ne a kan ƙarfin batirin ciki, bolt 3.7. Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, wayar kuma ta sake sauke ta, kowane mataki yana zubar da wani abu a matsayin zafi. Cika ɗaya da rabi shi ne abin da mai kyau zai ba ka. Idan ko ɗaya bai cika ba, nan ne za ka yi zargi.

Tsimi ya fi guzuri. Abin da ya fi shan batir a daji shi ne fuskar waya da neman sabis: inda babu shi wayar ƙara ƙarfi take yi tana lalube. Sa ta a yanayin jirgin sama, GPS zai ci gaba da aiki. Rage haske, ka daina tafiya kana kallonta. Duba, ka zaɓi bishiyar da za ka nufa, ka mayar aljihu. A zafin Maris da Afrilu kada ka bar ta a rana ko a kan babur, domin da ta yi zafi takan rage caji ko ta ƙi karɓa. Yi caji da dare. Ƙurar hunturu kuma takan dunƙule a ramin caja har igiya ta daina zama. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace na itace a hankali, za ka ga ƙura ta fito a cure kamar auduga. Ban da allura. Ka tafi da igiya biyu, ita ce ta fi saurin mutuwa.

Tambaya: Maigidana yakan yi kwanaki a farauta, hankalina ba ya kwanciya. Akwai abin da zai nuna mini inda yake? Daga wata uwargida a Tudun Jukun.

Amsa: Allah ya kwantar da hankalinki, Hajiya. GPS yana gaya masa inda yake ne, ba ya gaya miki. Nuna wuri kai tsaye na WhatsApp sai da data, da sabis ya ɗauke zai tsaya a inda ya gan shi na ƙarshe. Abin da ya fi aiki shi ne saƙon tes, domin yakan fita da sanda ɗaya inda kira ba ya shiga. Ku yi alkawari: duk inda ya hau tudu ya ga sabis, ya turo lambobin wurin da lokaci. Lambar gaggawa ta 112 ma sai wayar ta ga sabis. Akwai na'urori irin su inReach da ke aika saƙo ta taurarin Iridium ba tare da sabis ba, amma ban da kuɗin saye akwai kuɗin wata.

Wanda ba ya cin ko kwabo shi ne takarda. Kafin ya fita ya rubuta ƙauyen da za su ajiye ababen hawa, da ɓangaren da za su nufa, da waɗanda ke tare da shi, da ranar dawowa, da wanda za a sanar idan ranar ta wuce. Ki kuma tuna masa babu manhajar da ke nuna inda 'yan bindiga suke. Wannan labarin wurin mai unguwa da Sarkin Bakan yankin da jami'an tsaro ake samunsa, musamman ta wajen Giwa da Birnin Gwari. Gandun Kamuku da ke can haramun ne a yi farauta a cikinsa, kuma iyakar da taswirar waya ta zana ba hujja ba ce gaban ma'aikatan gandu, gara a ba ta tazara.

Tambaya: Zan iya ɗaura wa karena AirTag? Daga wani mai karnuka a Basawa.

Amsa: Kada ka soma. AirTag, ɗan abin da kamfanin Apple ya yi don gano kayan da suka ɓace, ba shi da GPS, da wayoyin iPhone da ke wucewa kusa yake dogara, a daji kuwa babu su. Na'urorin bin sawu masu layin waya a ciki sai inda akwai sabis. Wanda ke aiki shi ne abin wuya mai rediyo irin Garmin Alpha, mai tsada ƙwarai, kuma zangon rediyonsa ya danganta da ƙasar da aka yi shi dominta. Ƙararrawa a wuya da lambar wayarka a jikin ƙarfe sun fi AirTag amfani.

Tambaya: To idan waya ta faɗa ruwa, ko batir ya ƙare gaba ɗaya fa? Daga wani maharbi a Kudan.

Amsa: Shi ya sa, Malam, kamfas na roba mai allura ba ya barin wuyan mai shiga daji. A ƙasarmu ma an huta, domin bambancin arewar allura da arewar taswira bai kai a damu da shi ba. Amfaninsa yana farawa ne tun a bakin daji. Nemi wani dogon abu da ba za ka tsallake shi ba ka sani ba: titi, layin dogo, ko kogi irin Galma. Idan ka shiga ta arewacin titin Zariya zuwa Jos, ka san duk inda ka kai, nufar kudu zai fito da kai kan kwalta. Rubuta lambar digirin da kamfas ya nuna na ɓangaren da ka nufa lokacin shiga. Ta komawa ita ce a ƙara 180 idan ba ta kai 180 ba, a cire idan ta wuce: wanda ya shiga a kan 40 zai fito a kan 220.

Kada ka nufi babur ɗin kai tsaye. Idan ka iso titi ba ka gan shi ba, ba za ka san dama za ka bi ko hagu ba. Karkata da gangan digiri 10 zuwa dama. A tafiyar kilomita 3 hakan zai fitar da kai wajen mita 500 a damansa, da ka taka titi sai ka juya hagu. A hanya kuma ka riƙa zaɓar abu a gaba, kuka ko giginya ko suri, ka isa gare shi, ka sake zaɓar wani. Wanda ba ya yin haka kewaye yake yi yana zaton ya miƙe.

Rana tana taimakawa, amma a yi hattara da abin da muke kira gabas. A Disamba tana fitowa kusan digiri 24 kudu da ainihin gabas, alƙiblar Zariya kuwa tana wajen digiri 67, wato kusan 23 arewa da ainihin gabas. Tsakanin gabas ta salla da mafitar ranar hunturu akwai tazara babba, wanda ya haɗa su zai karkace. Da tsakar rana a lokacin farauta inuwarka arewa take nunawa, sai daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta take juyawa kudu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Tauraron arewa kuwa a nan digiri 11 kacal yake sama da ƙasa, hazo da bishiyoyi sukan rufe shi. Idan magariba ta riske ka ba ka tabbatar da hanya ba, nemi fili ka share ciyawar da ke kewaye kafin ka hura wuta, ka riƙa busa ƙaho ko usur sau uku-uku kana saurare tsakani, tafiyar kuma ka bar ta sai gari ya waye.